Shafuka Ukun da Na Bi da Biro

Yanzu idan mutum ya bi ta bakin titinmu a Kwararafa, kafin ya sha kwana sai ya wuce shago uku ko huɗu da ake liƙe takardu a cikin leda. Ka miƙa takardarka, mai shago ya zura ta a inji, ta fito da zafi tana ƙyalli, shi ke nan wai an adana ta. Takardar haihuwa, ta makaranta, ta fili, har hoton aure, duk an bi an shaƙe su. Ni dai duk sanda na ga haka sai in kau da kai, domin a gidan da na tashi takarda numfashi take yi. Inna ce ta faɗa, kuma Inna, Allah Ya ji ƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san harafin boko ko ɗaya ba.

Jos ɗin da na buɗe ido na gani garin ruwa ne da sanyi. Da damina sai a kwana uku ana tsuga shi, ƙanƙara na dukan kwanon ɗaki har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Bango ya jiƙe ya yi kore daga ƙasa, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Da safe hazo ya rufe duwatsu, ka ji kukan jirgin ƙasa daga can nesa, ka ji ƙararrawar coci ta biyo bayan kiran salla, ka ji masu zuwa haƙar kuza suna wucewa suna tari da gaishe-gaishe. Sannan daga bayan katangarmu turmi ya fara. Wannan turmin na maƙwabciyarmu ne, wadda duk unguwa ke kira Mama Mai Acca. Kirista ce, 'yar asalin tsaunukan nan, gajeriya mai faɗin kafaɗa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, da surfen acca take ciyar da su. Wanda bai taɓa surfa acca ba bai san wahala ba. Sai ka daka, ka sheƙe, ka sake dakawa, ka rege tsakuwa a ƙwarya har bayanka ya ƙage. Ita kuwa da waƙa take yin nata, da yarensu, kuma taɓarya ce ke riƙe mata kiɗa.

Akwai 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninmu, wadda ba a taɓa sa mata ƙyaure ba. Ta nan wuta ke wucewa a kasko, ta nan gwate ke shigowa gidanmu, ta nan tuwon Inna ke fita. Ta nan ni ma nake sulalewa duk lokacin da aka ce in yi wanke-wanke. Ni kuwa yarinya ce mai rawar kai, ban iya ganin abu in bar shi yadda yake ba. In na ga ƙwarya ta tsage sai na nemo zare, in na ga tsintsiya ta kwance sai na ɗaure ta har ta karye. Kuma akwai wata waƙa guda da Mama ke juyawa gare ta da zarar ƙafata ta taka tsakar gidanta. Ko wacce take rerawa sai ta yanke, ta kalle ni ta gefen ido, ta ɗauko wannan. Ban san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba, amma na ɗauke ta tawa. A raina waƙar girmamawa ce, irin wadda ake yi wa manyan baƙi, har tafiya nake sauyawa in ta fara.

Mijin Mama ya ɗan taɓa karatu, ya yi aikin auna kuza a sikeli. Aka ce ran Lahadi bayan an taso daga coci yakan bi tsofaffin matan ƙauyensu da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai jadawalin lissafi a bayansa, yana rubuta waƙoƙin daka da na niƙa da fensir. Mutane na yi masa dariya, yana cewa tsofaffin nan in suka tafi da bakinsu za su tafi. Shi ne ma ya riga wasunsu tafiya. Littafin nan shi ne abin da ya bari, kuma Mama ba ta iya karanta shi. Wata damina ɗakinta ya yi yoyo har gefen littafin ya jiƙe, sai ga ta ta 'yar ƙofa da shi a ƙirji, ta lulluɓe shi da gefen zani. Ta ce da Inna, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, “Maman yara, littafin nan zai mutu a ɗakina. Kai ne ka iya abin takarda. Ka riƙe mini.” Inna ta goge hannu ta karɓa da hannu biyu. Bayan wasu shekaru Mama ta kwashe 'ya'yanta ta koma ƙauye don jinyar uwarta. Ranar tafiya Inna ta fito mata da littafin, ta ƙi karɓa. Ta ce ɗakin ƙauye ya fi na nan yoyo, a bar shi sai wani daga jininta da ya san darajarsa ya zo. Ba ta sake dawowa ba, sai labarin rasuwarta da ya iske mu daga baya.

To, da gaske Inna ta iya abin takarda, ban kuma san inda ta koya ba. Tana da akwatin ƙarfe da ba ya taɓa ƙasa, an ɗora shi a kan duwatsu huɗu, an janye shi daga bango da faɗin tafin hannu. A ciki akwai takardar gida, da wasiƙun dangin Baba, da hotuna, da wasu warƙoƙi, tsofaffin takardun karatu na kakanmu, sai littafin Mama a naɗe cikin farin ƙyalle shi kaɗai. Sau ɗaya a shekara, idan ruwa ya ɗauke sosai, iska ta bushe amma sanyi bai kankama ba, sai ta ce yau takardu za su sha iska. Ranar ba a soya komai a gidan. Ta share baranda, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora wankakken zani a kai, a inuwa, domin ta ce rana ba ta da tausayin rubutu. Ta wanke hannu da sabulun salo har gwiwar hannu, ba ta shafa mai ba, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ni aikina korar kaji da awaki, da miƙo abin da aka ce in miƙo.

Da hanci take farawa. Ta ɗauki takarda ta kai kusa da fuska, ta lumshe ido ta shaƙa, in akwai danshi ko fumfuna nan take za ta yamutsa fuska. Sai kunne. Ta riƙe gefen takardar ta ɗan kaɗa ta a hankali kusa da kunnenta. Mai lafiya, in ji ta, tana da 'yar ƙara ƙwaras-ƙwaras, wadda ta sha danshi shiru take yi kamar tsumma, wadda kuma ta bushe fiye da kima sai ka ji tana neman tsagewa. Sai ido. Ta karkata ta wajen haske ta duba hudar gara, da inda kyankyaso ya lasa, da jan tabon da tsatsa ke bari. Ita ce ta ga ƙarafan da suka riƙe tsakiyar littafin Mama sun fara cin takarda, ta sa tsinke ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinke shi da farin zare daga shagon Baba. Ƙura kuwa da gashin kaza take share ta, daga tsakiya zuwa baki. In ta gama sai ta kasa su kashi uku, kuma kamar mutane take kiransu: masu lafiya, masu mura, masu jinya. Masu lafiya su koma akwati kafin la'asar. Masu mura su ƙara kwana biyu suna shan iska. Masu jinya a sa musu farar takarda tsakanin shafi da shafi, a ware musu gefe, a riƙa leƙa su. Sai ta sabunta ƙullin kanumfari a kusurwoyin akwati ta rufe. In na kai hannu sai ta ce, “Ke, janye. Ki duba da ido tukuna, hannu shi ne na ƙarshe.”

Kar a ɗauka Inna mai sanyin hali ce. Wata shekara babban ɗan Mama ya zo daga ƙauye, ya zama saurayi har da gashin baki, ya ce ya zo karɓar littafin babansu. Inna ta yi murna, ta ba shi fura, ta buɗe akwati. Yana karɓa ya lashi yatsa ya fara buɗe shafuka fal-fal-fal, da ya gama ya nannaɗe shi zai tura a aljihun baya na wando. Wallahi ban san Inna na da irin wannan zafin nama ba. Ta fizge shi daga hannunsa, ta ce, “Uwarka cewa ta yi wanda ya san darajarsa. Kai ba ka sani ba tukuna. Je ka, in ka sani ka dawo.” Ya tsaya baki buɗe, ya ce, “Haba Mama, kayan ubana ne fa.” Ta ce, “Na sani, shi ya sa.” Ya tafi yana gunaguni, amma sai da ya cinye tuwon da ta sa masa.

Abin da zan faɗa yanzu ya faru shekara guda bayan wannan, ina aji na ƙarshe a firamare. A makarantarmu fensir na ƙananan yara ne. Idan ka girma sai a ba ka izinin biro, kuma duk aikin da malam ya yaba sai ya ce, “A bi shi da biro don kada ya goge.” Ni kuwa na samu sabon biro shuɗi, ina ji da shi kamar zinariya. Ranar shan iskar takardu, an shimfiɗa komai, sai aka aiko da gudu wai matar gidan can tana naƙuda. Inna ta yafa mayafi ta ce in zauna in kori kaji, kada in taɓa komai. Na zauna. Na kori kaji. Sai idona ya sauka a kan littafin Mama a buɗe, rubutun fensir ɗin ya yi toka-toka, siriri, kamar ana hura shi zai tashi. Na ce bari in duba da ido kawai. Na fara haɗa haruffa ina furtawa, ban gane komai ba, na juya, na juya, har na zo wani shafi da bakina ya riga ni ganewa. Waƙata ce! Ga ta nan a rubuce, shafi uku cur. Murna ta cika ni, sai kuma tsoro ya kama ni, na ce wannan fensir ɗin ai gogewa zai yi, Inna ba ta yi makaranta ba, ba ta san abin da ake yi wa rubutu mai daraja ba. Na ciro birona. Na kwanta rub da ciki, na fito da harshe gefe, na bi harafi bayan harafi, ina dannawa sosai don ya fito raɗau. Da na gama shafuka ukun na ɗaga na duba, sai na ji ni wata ce.

Inna ta dawo wajen la'asar, ta wanke hannu, ta zauna. Littafin yana rufe yadda na bar shi. Ta ɗauka ta kai hanci kamar kullum, sai ta tsaya. Ta sake shaƙa. Ta buɗe, kai tsaye ta nufi wurin. Na shirya wa duka, har na fara tara hawaye. Ba ta ko kalle ni ba. Ta daɗe tana duban shafin, ta juya bayansa ta shafa da cikin yatsa inda biron ya kumburo takardar, ta yi salati a hankali. Ta yanko farar takarda ta sa tsakanin shafukan, ta ɗauki littafin da ya daɗe cikin masu lafiya ta ajiye shi a cikin masu jinya. Sannan ta yi magana, kamar da akwatin take yi: “Amana aka ba ni, na tashi na bar ta, wannan laifina ne. Amma wanda ya yi wannan aikin, ranar da masu abu suka zo shi zai faɗa da bakinsa. Ni ba zan faɗa ba.” Na ce, “Inna, gyarawa na yi.” Ta ce, “Na sani. Miƙo mini gashin kazar nan.” Da ta zane ni da ya fi mini sauƙi, domin duka yana ƙarewa.

Wannan kuwa bai ƙare ba. Kowace shekara a buɗe akwati, kowace shekara in ga aikina. Fensir ɗin da na ji tsoron zai goge yana nan yadda yake a sauran shafukan, bai ragu da komai ba. Biron ne ya fara tafiya. Shuɗin ya koma ruwan makuba, kowane harafi ya yi inuwa a gefensa, inuwar ta haɗu da ta kusa da ita. Wata damina mai tsanani danshi ya samu shiga, layuka suka narke cikin juna, inda na danna da ƙarfi kuma takardar ta tsage ta bi sawun alƙalamin. Na yi aure, na yi koyarwa shekaru masu yawa, na hana ɗaruruwan yara bin fensir da biro ba su san dalili ba. Da Inna ta kwanta ciwon ajali ta ciro makullin akwatin daga bakin zaninta ta damƙa mini. Ba ta ce komai a kan shafukan ba, ta dai riƙe hannuna na dama ta ɗan matse. Unguwa ta sauya, maƙwabtan da muka tashi tare da yawa sun koma wasu unguwanni, 'yar ƙofar nan sababbin masu gidan sun toshe ta da bulo. Ni dai ban fasa ba, ruwa na ɗaukewa zan shimfiɗa zani a baranda. Ina addu'a masu littafin su zo, ina kuma jin tsoron ranar, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Bara, bayan ruwa ya ɗauke, aka yi sallama a ƙofar gida. Wata matashiya ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, tun kafin ta buɗe baki na ce, “Ikon Allah! Mama ce ta dawo.” Jikarta ce, 'yar wannan saurayin da Inna ta kora, suna zaune a Jos Jarawa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce babanta ya tsufa, ba ya iya fita, kullum yana ba su labarin wata tsohuwa a Kwararafa da ta hana shi littafin ubansa, yana kuma cewa tsohuwar ta yi gaskiya. Ita kuwa aikinta ke nan, a wani wurin adana tsofaffin takardu take, duba lafiyarsu take yi kafin a san irin gyaran da za a yi musu. Ta ce ba za ta ɗauke shi a ranar ba, za ta dawo jibi da kayan aikinta ta duba shi a inda ya saba zama. Na kira ɗana da ke Rayfield na faɗa masa. Sai ga shi a mota, ya ce, “Hajiya, kawo in kai a liƙe kowane shafi a leda, mu ba su shi fes.” Na ce, “Kai, rufa mini baki! Da kakarka na da rai da ka sha gashin kaza a ido.” Ya yi dariya ya ce shi dai zai zauna ya ga wannan biki.

Ranar da ta ce, yarinyar ta zo da 'yar jaka. Ta nemi ruwa da sabulu ta wanke hannu, ta goge sarai. Ta fito da buroshi mai laushi, da gilashin ƙara girman rubutu, da 'yar fitila, da takardar da za ta cike, da fensir. Ɗana ya miƙa mata bironsa mai tsada, ta ce, “A'a, Oga, ba a kawo biro kusa da irin wannan.” Na ji kamar an soke ni. Ta warware farin ƙyallen, ta ɗauki littafin da hannu biyu, ta kai shi hanci. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, da hawaye tare. Ta ce, “Mama, lafiya?” Na ce, “Ci gaba, 'yar nan, wata na tuna.” Ta shaƙa ta ce babu fumfuna, sai kanumfari. Ta haska fitila ta gefe tana bin shafi ɗaya-ɗaya, tana rubutawa. Da ta ga ɗinkin tsakiya ta tsaya ta ce, “Wa ya cire ƙarafan?” Na ce Innata ce, da tsinke. Ta girgiza kai ta ce da an bar su da yanzu tsakiyar littafin ta ruɓe, wannan zaren shi ya ceci komai. Ta ce ta ga takardun da ba su kai rabin shekarun wannan ba sun zama gari. Ina jin daɗi, ina kuma ƙirga shafukan da suka rage kafin ta iso.

Ta iso. Ta ɗaga farar takardar da ke tsakani. Ta sa gilashi, ta haska ta gaba, ta haska ta baya, ta daɗe. Sannan ta ce a hankali, “An bi wannan da biro. Dole in rubuta yadda aka yi, don mai gyara ya san abin da yake fuskanta. Mama, ko kin san lokacin?” Ɗana ya yi caraf ya ce, “Ai tsufa ne, ko kuma tun a hannun masu shi aka yi.” Ita ma, don kunya, ta ce, “Wataƙila babana ne, da ya zo.” Ga ƙofa an buɗe mini har biyu. Inna ta rasu, Mama ta rasu, babu mai ƙaryata ni a duniya. Na ce, “Ba tsufa ba ne, ba kuma babanki ba ne. Ni ce. Ina yarinya, da birona sabo, Inna ta ce kada in taɓa, na taɓa. Ki rubuta haka.” Ɗana ya juyo ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta rubuta. Na ce, “Zai gyaru?” Ba ta yi mini ƙarya ba, Allah Ya yi mata albarka. Ta ce za a iya tsayar da shi kada ya ƙara yaɗuwa, a tallafe inda ya tsage, amma rubutun ba zai dawo ba, tawadar ta shanye fensir ɗin da ke ƙasa. Ta ce, “Sauran duk lafiya lau. Waƙa ɗaya ce ta tafi.”

Sai na ji waƙar nan tana neman dawo mini. Na buɗe baki, ta ƙi fitowa. Na gane abin da ta rasa. Na ce da ɗana ya mirgino mini turmi. Ya ce, “Hajiya, da wannan gwiwar taki?” Na ce, “Gwiwarka ce?” Na zuba 'yar acca, na ɗaga taɓarya, na sake ta. Ɗaya, biyu, a na uku waƙar ta fito da kanta, daga farko, da yaren da har yau ban ji ba, da inda Mama ke jan numfashi, da inda take ɗaga murya. Yarinyar ta lalubo wayarta ta danna ɗaukar murya. Ban kai rabi ba sai na ga kafaɗunta na girgiza. Na zaci kuka take, ashe dariya ce, ta toshe baki tana yi har hawaye na zuba. Na tsayar da taɓarya, na ce, “Ke, waƙar manyan baƙi ce kike wa dariya?” Ta ce, “Mama, wa ya ce miki ta baƙi ce?” Na ce duk sanda na shiga gidan kakarta ita take yi mini. Ta sake fashewa. Da ta samu numfashi ta ce, “Cewa take: ga 'yar maƙwabta nan ta shigo, ku ɗauke ƙwarya, ku rufe tukunya, hannunta ba ya zama, sai ta gyara abu har ya lalace.” Ɗana ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki. Ni da na yi shekaru ina sauya tafiya!

Na ce to ai shi ke nan, na ajiye taɓarya. Ta ce a'a, in ƙarasa, akwai saura. Na ƙarasa baitin ƙarshe, wanda Mama ke sassauta murya a kansa. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta goge ido da bayan hannu, nesa da littafin, ta ce, “Nan kuma cewa take: amma kada ku sa wa ƙofar ƙyaure, ranar da ba ta zo ba accar ba ta surfuwa.”

Ta rubuta waƙar duka da fensir a sabuwar takarda, na maimaita mata sau uku. Ta naɗe littafin a ƙyallensa, ta roƙi ƙullin kanumfari ɗaya, ta rungume shi a ƙirji yadda kakarta ta kawo shi. Da suka fita na koma ɗaki don in rufe akwati. Gefen masu jinya babu kowa. Na dafa murfin na daɗe a tsaye, sannan na ce da ƙarfi, yadda za a ji ni ko da ƙanƙara na dukan kwano, “Inna, sun zo. Na faɗa da bakina.”